Jitar Fam 30 Ta Koma Hannun Mai Ita

A 1961 Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi jita mai kaurin murya, watau bes, ƙirar Höfner, a Hambug ta Jamus kan fam 30 kacal. A 1972 ɓarawo ya ɗauke ta daga mota a Landan. Sai a 2023, bayan an baza cigiya, wasu iyali a kudancin Ingila suka tarar tana gidansu, aka mayar masa.

Masu tara irin waɗannan tsofaffin jita ba katakon suke saye ba, hannun da ya kaɗa su suke bi. A 2021 an yi gwanjon wata bes ɗin McCartney, ƙirar Yamaha, kan dala 496,100. Don haka dillali ba ya tayawa sai ya duba lambar jikinta da takardun asalinta.