Gyaran Ƙwaƙwalwar A-kori-kura: Abin da Mai Mota Zai Tambaya Kafin Ya Biya

Duk wanda ya saba bin Ƙofar Doka a Zariya ya san irin a-kori-kurar da ke ratsa wajen: an ƙara mata ganyen sifirin a baya, an ɗaura mata bodin ƙarfe mai tsawo, wata kuma an sa mata manyan tayoyi don ta iya shiga gona da damina. Su ne ke jigilar masara daga ƙauyukan Giwa da Soba, da rake daga Maƙarfi. Mai irin wannan mota ba ya daɗewa sai ya fara ƙorafin ba ta ja kamar da, ga shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ƙorafin na biyu ya rinjayi na farko. Maganin da ake tallata wa masu motocin yanzu shi ne a sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji, wadda makanikai ke kira birenbos.

A zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar PAN ta Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta riƙa haɗawa, saitin inji aikin hannu ne da kunne. Bakanike zai murɗa sukurun kafireta, ya juya disfiruta kaɗan, ya saurari salo har ya ji ya zauna. Hilux ta yau ba ta da abin murɗawa. Ƙwaƙwalwarta tana karɓar labari daga sensoci: iskar da ta shiga, zafin ruwa, inda totur yake, da iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Sai ta duba jadawalin da kamfani ya rubuta mata, ta yanke yawan man da injekta za ta fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. A injin fetur ma'aunin da take bi a tafiyar yau da kullum shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1, bisa nauyi. Mai wannan gyara, wato mai tuni, waɗannan jadawalai yake sauyawa. Yana zuƙo fayil ɗin ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996, da na'ura irin KESS ta kamfanin Alientech na Italiya, ya gyara shi a manhaja irin WinOLS, ya mayar.

To nawa ake samu? Ya danganta da injin. Hilux mai fetur, mai injin 2TR-FE na lita 2.7, ba ta da tabo mai tura wa inji ƙarin iska, don haka iskar da ta zuƙa da kanta ita ce iyakarta, kuma kwamfuta ba ta ƙara iska. Abin da za a samu ɗan kaɗan ne. Wanda ya yi maka alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wannan inji, kuɗinka yake so. Dizal mai tabo ne ke da sarari, domin ana iya ƙara matsin iska da yawan mai tare. Amma a duba yadda Toyota da kanta ta yi. Injinta na 2KD-FTV mai lita 2.5 ya fito da ƙarfin doki 102, da 120, da 144, kuma kowane ƙari ya zo da kayan aiki: na 120 yana da abin sanyaya iskar tabo, na 144 an sauya masa tabon ma. Haka 1GD-FTV mai lita 2.8 ya tashi daga 177 a 2015 zuwa 204 a 2020 da tabo mafi girma. A duk waɗannan, kamfanin da ya ƙera injin bai ƙara ƙarfi da rubutu kaɗai ba. Ƙarin mai ƙarin zafi ne, kuma zafin nan kan fistin da tabo yake sauka, ragowar wahalar kuloci ya sha.

Inda nake ganin ake cutar mutane shi ne fayil na kanti. Mutum zai saya ta intanet, ko yaron da ke da kwamfutar ya sauke daga wani rumbu, a ɗora wa mota a cikin rabin awa. Zazzagawa sun san bambancin rigar da tela ya auna mutum ya yanka masa da wadda aka ciro daga dila. Fayil ɗin da aka rubuta a Jamus an gina shi ne a kan fetur mai okten 95 ko 98 da iska mai sanyi. Namu bai kai can ba ko a takarda, balle wanda aka saya a galan a bakin titi, kuma ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba. Idan aka gaggauta lokacin wuta a kan fetur mai rauni, a tsakar zafin Afrilu, da buhu ashirin a baya, inji zai fara ƙwanƙwasa. Sensa za ta ji ta ja wutar baya, ƙarfin da aka biya ya tafi. Idan kuwa mai fayil ɗin ya rage mata ji don lambobinsa su yi kyau, fistin ne zai biya. Ga kuma tudu: Zariya ta haura mita 600 daga matakin teku, kuma inji marar tabo yana rasa kimanin kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100.

Saboda haka mai tuni na gaskiya tambaya yake farawa da ita, kuma dole mai mota ya faɗi gaskiya. Girman taya nawa? Tayar da ta fi ta asali da kashi 10 cikin ɗari tana rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan haka, mitar gudu kuma ta riƙa nuna ƙasa da gudun da ake yi. Sau da yawa wannan ne dalilin rashin jan, ba injin ba. An cire tamostat? Al'adar garejinmu ce a cire shi a haɗa fanka kai-tsaye, wai na ƙasashen sanyi ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa tana ɗaukarsa a matsayin wanda aka tayar yanzu, ta yi ta ƙara masa mai. An fasa salansa an sayar da abin tace hayaƙin da ke ciki? An mayar da motar mai gas? Tun da gwamnatin tarayya ta fara shirin CNG a 2023, cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke nan Zariya tana cikin masu horar da makanikai kan wannan juyi, kuma gas yana son a ba da wuta da wuri fiye da fetur. Kowace amsa tana sauya lissafin.

Mai jigilar kaya kuma ba ƙarfin ƙarshen totur yake bukata ba. Abin da zai amfane shi shi ne jan da mota ke yi tun inji bai ɗaga murya ba, wanda zai fitar da ita daga laka ko ya haura da ita tudu a giya ta biyu. Sai ya faɗa wa mai tunin haka da bakinsa, in ba haka ba za a yi masa saitin masu tsere. A yi gwajin da lodi, a kan hanyar Funtuwa ko ta Kano, kwamfuta tana jone tana ɗaukar bayanan zafi da ƙwanƙwasa, a koma a gyara, a sake fita. Baƙin hayaƙi a salansar dizal mai ne da bai ƙone ba, ko da direba yana jin motar ta yi zafin nama.

Lokacin ɗora fayil a tabbata batir yana da caji sosai, domin idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutu ƙwaƙwalwar tana iya mutuwa, kuma na'urorin jabu da suka cika kasuwa sun fi yin wannan ɓarna. Kafin a taɓa komai kuwa, mai mota ya ce: «Maigida, a kwafe min na asalin a filashi tukuna.» Idan fetur ya lalace, ko mota ta zo sayarwa, da shi za a mayar da ita yadda kamfani ya bar ta.