Bandejin da ke jan gyambo har ya rufe

Wata huɗu kawuna ya yi yana fama da gyambo a tafin ƙafa. Mai ciwon suga ne, ƙusa ce ta soke shi a shago, bai ma ji ba sai da ya ga jini a silifas ɗinsa. Babu abin da ba mu gwada ba: zuma, man kaɗanya, wanki kullum a kemis. Mikin sai ƙara zurfi yake yi. Ranar da likita ya ambaci yanke ƙafa, gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Kafin a kai ga haka, likitan ya ce a gwada wata na'ura. Sai da aka kankare mataccen nama tas, sannan aka yanka wani baƙin soso daidai bakin mikin aka cusa, aka lulluɓe da leda mai mannewa yadda iska ba za ta shiga ba. Daga nan aka jona tiyo zuwa wani ɗan inji mai zuƙar iska. Ana kunna shi soson ya motse, bakin mikin ya matso. Na tambayi nas ɗin: "Sista, wane magani ne a cikin soson?" Ta yi dariya ta ce, "Babu ko ɗigo. Jan da yake yi shi ne aikin."

Wannan amsa ce ta sa na shiga bincike. Ashe ƙwayoyin halittar jikinmu suna jin ja da matsi. Idan aka ja su daidai gwargwado sai su riƙa rabuwa suna yawaita, sabbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, jan nama ya cike ramin. Zuƙar kuma tana kwashe ruwan miki, kumburi ya sauka.

Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest a Amurka su ne suka wallafa wannan dabara a 1997, bayan gwaji a kan aladu, inda suka ga gudun jini a wurin ya ninka sau huɗu idan an saita zuƙar a ma'auni 125. A 2005 mujallar Lancet ta buga wani nazari a kan masu suga 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa: kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'urar sun warke, a ɗaya rukunin kuwa kashi 39.

Masana ba su tsaya nan ba. Sun lura cewa ɗan tayi a ciki, idan fatarsa ta yi rauni, bakin raunin tsukewa yake yi kamar an ja zariyar wando, ya rufe ba tabo. A 2019 tawagar David Mooney a Jami'ar Harvard ta kwaikwayi wannan, ta ƙera wani bandeji mai danƙo da ke kama fata gam. Da zarar ɗumin jiki ya taɓa shi ya haura digiri 32 sai ya motse, ya jawo bakin raunin da kansa, ba inji ba lantarki. An zuba masa ƙwayoyin azurfa masu kashe ƙwayoyin cuta. A kan ɓeraye da fatar alade aka gwada shi.

Sai dai a kula, jama'a. Wannan ba ya nufin a samu tsumma a ɗaure miki tamau a gida. Ɗaurin da ya tare jini kashe nama yake yi, ballantana ga mai suga. Ita kanta na'urar ba a sa ta a kan mataccen nama, ko jijiyar jini da ke a buɗe, ko ƙashin da cuta ta kama ba a magance ba.

Kawu ya yi mako shida da injin nan rataye a kafaɗa, ana canza soson duk bayan kwana biyu ko uku, kuma canjin akwai zafi. Kuɗin ma sai da dangi suka yi karo-karo. Ya rasa ƙaramin yatsa, amma ƙafar tana nan, da ita yake takawa zuwa shago. Kowane dare yanzu sai ya ɗaga ta ya duba tafin da madubi kafin ya kwanta.