Madubi, ƙari ko zubi-zubi: wane tsari ya dace wajen kwafe bayanai daga NAS zuwa faifan waje?

A watan Satumban 2021 gwamnatin Katsina, ƙarƙashin Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga. Funtua, Malumfashi, Bakori, Dandume, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara duk suna ciki. Abin ya faɗo a bakin kaka, lokacin da ake shirin girbin masara da karɓar basussukan damina, kuma sabis bai dawo ba sai wajen ƙarshen shekara. Duk wanda lissafinsa ko hotunansa ke kan Google Drive kaɗai, a watannin nan ya gane cewa abin da ke intanet nasa ne muddin akwai hanyar isa gare shi.

Wannan na cikin dalilan da ke sa ajiyar cikin gida ta yi ma'ana a wannan yanki, balle yanzu da data ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Google kuma gigabait 15 kawai yake bayarwa kyauta, Gmail da hotuna da kwafin WhatsApp na masu Android duk a cikinsu suke ci.

NAS wani ɗan akwati ne mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko biyu ko fiye, wanda ake jona wa rauta. Duk waya ko kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗin gidan ko shagon za ta iya zuba masa fayil ta kuma ɗauka, ko da babu intanet. Synology da QNAP, duk kamfanonin Taiwan, su ne sanannu a wannan fanni. Ba kowa ke iya sayensa ba. Ya fi dacewa da situdiyon hotunan biki, cibiyar kwamfuta, makaranta, ƙungiyar manoma ko babban dillalin kayan noma. Amma a irin waɗannan wurare, kusan kullum matashin da ya iya waya ake damƙa wa ragamar na'urar, kuma shi za a tuhuma ranar da wani abu ya ɓace.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar NAS ɗin kansa a matsayin kwafin ajiya. Mai akwati mai faifai biyu yakan ce ai kowane fayil sau biyu ake rubuta shi. Gaskiya ne, tsarin RAID 1 ke nan, kuma yana ceto idan faifai ɗaya ya mutu. Amma idan aka goge fayil, a duka biyun ake gogewa a daƙiƙa guda. Idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, duka biyun sun tafi. Shi ya sa ake sayen faifan waje mai USB a riƙa kwafe masa. To a nan ne allo zai nuna zaɓi uku, kuma da yawa sukan danna wanda sunansa ya fi musu daɗi.

Zaɓi ukun

A manhajar USB Copy ta Synology an rubuta su Mirroring, Incremental da Multi-versioned. Da Hausa ana iya kiransu madubi, ƙari da zubi-zubi. Sauran manhajoji na da kusan irinsu da wasu sunaye: HBS 3 ta QNAP, ko FreeFileSync ta kwamfuta wadda kyauta ce.

Madubi yana mayar da faifan waje daidai da abin da ke cikin NAS a wannan lokacin. Sabon fayil zai shiga, wanda aka gyara za a maye gurbinsa, wanda aka goge a NAS shi ma za a goge shi a faifan. Ƙari yana kwafe sababbi da waɗanda aka canza, amma ba ya goge komai a faifan waje. Zubi-zubi kuwa duk lokacin da ya tashi aiki sai ya buɗe sabuwar folda mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, ya zuba komai a ciki, ya bar na jiya da na shekaranjiya yadda suke.

A takarda bambancin kamar ƙarami ne. Sai an gwada su da misali.

Littafin bashin taki

A ɗauka wani dillali ne a Funtua da ke ba manoma taki, iri da maganin feshi bashi a farkon damina, su biya da kaka. Sunayen mutum ɗari uku, ƙauyukansu, buhunan da suka ɗauka da abin da suka rage, duk a fayil ɗaya na Excel da ke kan NAS. Wata rana a watan Oktoba yaron shago ya so jera sunayen bi da bi daga A zuwa Z, sai ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya jera, ya bar layin kuɗi yadda yake. Excel takan yi gargaɗi a irin wannan, amma mai sauri ba ya karanta gargaɗi. Ya adana, ya rufe. Yanzu kowane suna yana fuskantar bashin wani. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, yana buɗuwa, jimillar kuɗin ma ba ta canza ba. Babu wanda ya lura sai bayan mako uku, da wani manomi daga Ƙafur ya zo biya aka ce masa buhu goma sha biyu ake binsa, shi kuwa ya rantse huɗu ya ɗauka.

Idan madubi aka zaɓa, tun daren da aka yi kuskuren an kwafe gurɓataccen fayil ɗin a kan mai kyau. Faifan waje ya yi aikinsa ba tare da tangarɗa ba, ya adana ɓarna.

Idan ƙari ne, nan ma akwai haɗari, domin fayil ɗin an canza shi ne, ba goge shi aka yi ba. USB Copy tana tambayar abin da za ta yi idan ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya: ta rubuta a kansa ko ta sake wa sabon suna. Wanda ya zaɓi a rubuta a kai, sakamakonsa ɗaya da mai madubi. Wanda ya zaɓi sake suna zai tsira, amma zai wayi gari da tarin fayiloli masu kusan suna ɗaya, sai ya zauna tantance wanne ne na wace rana.

Zubi-zubi ne kaɗai ke ba da amsa kai tsaye: a buɗe foldar ranar da ta gabaci kuskuren, a ɗauko littafin yadda yake, a ƙara biyan da aka yi daga baya ta hanyar rasit. Da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka duk abin da ake gyarawa kullum, lissafi ne, rajistar 'yan ƙungiya ce, sakamakon jarrabawar ɗalibai ne, zubi-zubi ya kamata a ba shi, babu wani ja-in-ja.

Matsalarsa cin wuri. A USB Copy kowane zubi cikakken kwafi ne. Foldar gigabait 200 sau goma ta cinye terabait 2, kuma faifan da aka rubuta terabait 2 a kwalinsa, kusan 1.8 kwamfuta ke nunawa. Ga takardu wannan ba komai ba ne, littafin bashin nan ko megabait biyar da wuya ya kai. Ga bidiyo kuwa asara ce. Akwai saitin da ke goge tsofaffin zubi idan sun kai wani adadi, amma a yi lissafi: mai kwafe kullum da ya ajiye zubi bakwai, mako ɗaya kawai yake iya komawa baya, kuma kuskuren dillalin can sai bayan mako uku aka gano shi.

Masu Synology na da wata mafita, wato Hyper Backup. Ita ma tana ajiye zubi da yawa, amma ɓangaren da ya canza kaɗai take ƙarawa, don haka zubi ɗari ba ya cin wurin cikakken kwafi ɗari. Farashin wannan shi ne bayanan na zama a dunƙule cikin wani tsari nata mai ƙarshen suna .hbk. Ba za a jona faifan a kwamfutar maƙwabci a ga fayiloli a fili ba, sai an saka manhajar Hyper Backup Explorer. Mai hankali zai sauke wannan manhaja tun yau ya ajiye ta a kan faifan, domin ranar buƙata ba lallai a samu sabis ba. Idan kuma an kulle kwafin da kalmar sirri, ɓatar da ita daidai yake da ɓatar da faifan.

Hotuna da bidiyo

Ga mai situdiyo a Malumfashi labarin daban ne. Hoton ɗaurin aure ko bidiyon kamu, da zarar an ɗauka ba ya canzawa. Haɗarinsa gogewa ne, musamman ranar da NAS ta cika aka shiga share tsofaffin ayyuka, sai ga dangin amaryar bara sun dawo neman kwafi. Nan ƙari ya fi dacewa: ba ya maimaita manyan fayiloli, kuma abin da aka share a NAS yana nan a faifan. Haka ma hotunan waya da ake turawa ta Synology Photos. Abin lura ɗaya: idan aka sake wa folda suna ko aka matsar da ita, ƙari zai ɗauke ta sabuwa ya sake kwafewa, faifan ya riƙa cika da tagwaye.

Madubi fa? Yana da ranarsa. Wanda zai tafi wani gari da aikin da yake kai, ko mai shirin ƙaura zuwa sabon akwati, madubi yake so. A matsayin kwafi ɗaya tilo kuwa, shi ne mafi rauni cikin ukun. Masu waya sun san irinsa: hoton da aka goge a cikin Google Photos yana ɓacewa a duk na'urorin da ke haɗe da asusun.

A cire faifan

Kowane tsari aka zaɓa, faifan da ke jone dare da rana yana raba ƙaddara da akwatin. A Afrilun 2021 wata muguwar manhaja mai suna Qlocker ta kulle fayilolin masu QNAP a ƙasashe da dama tana neman fansa, a Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya tana neman bitcoin 0.03 kan kowace na'ura. A Yunin 2021 masu My Book Live na Western Digital sun wayi gari an share musu komai ta intanet. Abin da akwatin ke iya rubutawa a kai, mai kutse ma yana iya taɓawa. A nan gida kuma ga tsawar damina da wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. USB Copy na iya fara aiki da zarar an jona faifan, ta sallame shi da kanta idan ta gama. Sai a zare, a kai gida. Manomi ba ya ajiye irin shekara mai zuwa a rumbun da ake ɗiban tuwo kullum. Mai hali ya sayi faifai biyu ya riƙa musanya su mako-mako, abin da ya yi kusa da ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

Sai batun fomat. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, bidiyon biki kuwa kan wuce haka. Tsarin ext4 na tafiya daidai da NAS amma Windows ba ta karanta shi kai tsaye. exFAT na buɗuwa a Windows da Mac da yawancin sababbin wayoyin Android ta OTG, kuma tun fitowar DSM 7 a 2021 Synology ta daina karɓar kuɗi a kansa, sai dai bai cika jure ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ba. Don haka NAS na buƙatar UPS ko inbata, kuma lokacin kwafi ya zama lokacin da batirin sola ke cike, ba ƙarfe biyun dare ba.

A 1998 wani umarni da aka buga bisa kuskure ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 a kwamfutocin Pixar. Da aka koma kan kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai, babu wanda ya duba. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke kwamfutar gidan wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida bayan ta haihu. Gwajin da ya rage wa mai shago bai kai minti goma ba: sau ɗaya a wata ya jona faifan a wata kwamfuta daban, ya buɗe littafin bashin na makon jiya, ya kunna bidiyo ɗaya ya ja shi zuwa ƙarshe.