Yadda ake ɗinka wa kwamfuta tsarin Linux daidai da buƙatarta

Duk wanda aka ba aikin shirya kwamfutoci talatin a makaranta ya san wahalar: kowace sai an ɗora mata tsarin aiki, a sauko da manhajoji ɗaya bayan ɗaya, kuɗin intanet na ta ƙarewa. Mafita ita ce a haɗa tsari guda mai ɗauke da komai, a zuba shi a USB, a ɗora wa dukkansu.

Lasisin Linux ya yarda kowa ya gyara shi ya kuma raba. Sai dai a da, aikin na masu iya rubuta umarni ne kawai. Shi ya sa aka ƙirƙiro manhajoji masu taga da maɓallai. Cubic, alal misali, tana karɓar fayil ɗin ISO na Ubuntu ko Debian, ta warware shi, mutum ya ƙara ko ya rage manhajoji, sannan ta sake ɗaure shi. SUSE Studio, da aka buɗe a 2009, ta bar mutum ya gwada tsarinsa a shafin intanet kafin ya sauko da shi.

Babbar matsalar masu tsara irin wannan manhaja ita ce dogaron manhajoji da juna: a cire guda, kwamfuta na iya ƙin tashi. Dole allon ya zama mai sauƙi, amma ya yi gargaɗi kafin a yi ɓarna. Don haka, a fara gwada sabon tsarin a kwamfuta ɗaya kafin a taɓa sauran.