Bayan Guguwa Ta Lafa: Haɗarin da ke Kwance a Tsaunukan Dabos

Jami'an gwamnati da ke halartar taron tattalin arzikin duniya a Dabos ta ƙasar Suwizalan kowane Janairu sun san garin da zaurukan taro. A garin ne kuma cibiyar SLF take, wadda ke nazarin dusar ƙanƙara da zaftarewarta, tana fitar da sanarwar gargaɗi safe da yamma a lokacin hunturu. Ranar da guguwa ta wuce, gari ya waye tangaran, takan kasance mai haɗari ƙwarai.

Dalili shi ne aikin iska. Kamar yadda hunturu ke tara yashi a bayan katanga, haka iska ke kwaso dusa daga ƙoƙuwar dutse ta jibge ta a gangaren da ke fake. A can takan daskare ta zama kamar daɓe, alhali a ƙarƙashinta akwai tsohuwar dusa mai ɓarɓashi kamar sukari. Nauyin mutum guda ya isa ya tsaga daɓen, gangaren duka ya sulale. Haɗarin ya fi yawa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wanda masu wasan sulu a wajen filayen da aka tanada suka fi so.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'aunin haɗari mai matakai biyar. Mafi yawan mace-mace a mataki na uku suke faruwa, lokacin da dutse ke ruɗin ido, kuma galibi mamacin ko abokin tafiyarsa ne ke tayar da zaftarewar. Wani sa'in har gari takan shiga: a ranar 23 ga Fabrairu 1999, bayan makonnin dusa da iska mai ƙarfi, ta afka wa ƙauyen Galtur na Ostiriya, mutum 31 suka rasu.

Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yakan rayu. Bayan rabin sa'a, akasari numfashi ya ƙare. Shi ya sa masu shiga dajin ƙanƙara ke ɗaukar na'urar gano wanda ya binne, da sandar lalube, da shebur. Masana dai na cewa rigakafi ya fi magani: a karanta sanarwa, a kauce wa gangaren da iska ta loda, a ba dusa kwanaki ta kwanta.