Abin da ke faruwa a bayan fage idan an tura kuɗin gero daga Dambatta

A kasuwannin Dambatta, Bichi da Makoda, dillalin da ke sayen gero ko riɗi don kaiwa Dawanau ba lallai ya riƙe jakar kuɗi ba yanzu. Yana buga lambar asusun manomi a wayarsa, kafin ya danna tura sai sunan mai asusun ya fito, ko da bankinsu ba ɗaya ba ne. Daga ina bankin dillali ya san sunan wanda ba kwastomansa ba?

Tambaya ya yi. Manhajar ta aika saƙo ta API, wato ƙofar da wata ma'aikata ke buɗewa domin kwamfutar wata ma'aikata ta nemi bayani ko ta ba da umarni, ba tare da wani ma'aikaci ya sa hannu ba. A tsakiya akwai NIBSS, kamfanin da Babban Bankin Najeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka, wanda ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take na NIP a 2011. Bankin dillali ya tambayi suna, bankin manomi ya amsa, sannan umarnin biya ya biyo baya. Moniepoint da OPay da masu POS ke amfani da su duk suna bin wannan hanya idan kuɗi zai tsallaka zuwa wani banki.

Matsalar tana mataki na ƙarshe. Wani lokaci an cire kuɗi a nan, umarni ya tafi, amma amsar ɗaya bankin ba ta dawo da wuri ba. Kwamfuta ba ta da tabbacin ya shiga ko bai shiga ba, dole ta sake tambaya. A wannan tsakanin ne ake rigima a bakin mota: dillali na nuna rasit, manomi na cewa bai ga alat ba, ga buhuna an riga an ɗora. Hoton rasit ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Hujja ita ce kuɗin ya bayyana a manhajar mai karɓa, sai kuma doguwar lambar Session ID, wadda da ita bankunan biyu ke bin sawun cinikin. Mutane da yawa sun koyi wannan ne a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira.

Manoman yankin sun ɗanɗani irin wannan haɗin tun 2012, da shirin GES na zamanin ministan noma Akinwumi Adesina. Kamfanin Cellulant ya gina tsarin da ya haɗa gwamnati, dillalan taki da wayar manomi, saƙon tes ya zama takardar karɓar taki mai rangwame. Inda sabis ya yi rauni, layi ya yi tsawo.

A Maris 2023 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin Open Banking, waɗanda suka ba kwastoma damar amincewa bankinsa ya ba wata manhaja bayanan asusunsa. Ga matasa masu koyon rubuta manhaja, aikin na nan: ƙungiyoyin manoma da shagunan taki da yawa suna karɓar kuɗi ta waya, amma bashi da biya har yanzu a littafi ake rubutawa, da yamma mutum ya zauna yana gwada alat da suna ɗaya bayan ɗaya.