Furotin Mai Kama Haske da Manzanninsa

Bahaushe ya daɗe da sanin dundumi, watau rashin gani da zarar rana ta faɗi. Abin da ke ƙarƙashin wannan ciwo shi ne batunmu yau.

A can ƙuryar ido akwai wani furotin, rodofsin, wanda Franz Boll ya gano a idon kwaɗo a 1876. Yana rungume da wani ɗan sinadari da jiki ke sarrafawa daga bitamin A, shi ya sa ƙarancin bitamin ɗin ke jawo dundumi. Haske na sauka, sai sinadarin ya miƙe daga lanƙwasarsa, furotin ɗin ya sake siffa. To, amma rodofsin ba ya kai saƙo da kansa. Manzo yake tayarwa daga dangin da ake kira furotin G. Na ido sunansa taransdusin, kuma shi ke sa a rufe wasu ƙofofi a fatar ƙwayar halitta, har labari ya kama hanyar ƙwaƙwalwa.

Sai masana suka tambaya: in an raba rodofsin da ido, zai yi aiki? A 1987 Gobind Khorana da abokan aikinsa a Amurka suka sa ƙwayoyin ƙodar biri, waɗanda ake reno a faranti, suka ƙera shi. Da aka tsamo shi aka haska, ya tayar da taransdusin. Daga baya aka ga cewa ko a ƙwayoyin da ba su da taransdusin, yakan ari ɗan'uwansa mai suna Gi ya aika.

Wanda ya fi burge ni shi ne melanofsin, da aka gano a fatar kwaɗo a 1998, kuma yana cikin idonmu yana daidaita lokacin barci da farkawa. A 2005 aka dasa shi cikin ƙwayoyin da ba su taɓa sanin haske ba, aka ba su ɗan sinadarin nan, sai ga su suna amsa haske, galibi ta hannun manzo Gq.

Sai dai a yi hattara. Baƙo yakan aiki yaron da ya tarar a gidan, ko da ba shi yake aika a garinsu ba. Saboda haka duk abin da aka gani a faranti, sai an koma an gwada shi a cikin idon kansa.